An Nuna Mana Bindiga, An Ɓoye Alƙali

Akwai wani irin bidiyo da ke ƙona mini rai a 'yan shekarun nan, na kuma tabbata kai ma ya taɓa faɗowa cikin wayarka. Wani Ba'amurke ne zaune gaban teburi, ya baje ƙarafa da notina da sifirin, yana fara'a. Kafin ka ankara ya haɗa doguwar bindiga tsaf. Sai hoto ya juya, ga shi a fili yana gudu yana harbi, faifan ƙarfe na amsawa ɗaya bayan ɗaya, kiɗa na tashi. Daƙiƙa 40 an gama. Samarinmu kuma sai su yi ta tura wa juna suna yabo: ka ga ƙasa, ka ga 'yanci, ina ma a ce nan ma haka ake.

Ƙarya ake sayar wa yaran nan, kuma masu sayarwar sun san ƙarya ce. Bindigar tana nan, gasar ma tana nan, ban musa ba. Amma abin da ya sa harbi ya zama wasa bai zama masifa ba, wato doka da horo da mutumin da ke tsaye a bayan mai harbi, wanda zai iya korarsa daga fili a kan kuskure guda, shi ne aka sa almakashi aka datse, don ba ya sayar da kaya. Abin da ya rage har ya iso Kano da Gusau da Maraɗi shi ne ƙarfe da ƙara da taƙama.

Bindigar da ake magana a kanta, Amurkawa PCC suke ce mata. Doguwa ce mai ƙota, ana tokara ta a kafaɗa, amma harsashin ƙaramar bindiga take ci, galibi mai milimita 9, wanda Georg Luger ya fito da shi tun 1902. Dabarar tsohuwa ce. Kaboyin da muka sha kallo a fim yana iya rataya Winchester samfurin 1873 ya soke libarbar Colt a ƙugu, dukansu biyu harsashi iri ɗaya suke ci, ba sai ya ɗauki guzuri kashi biyu ba. Abin da ya farfaɗo da ita a zamaninmu shi ne harsashinta ya fi na babbar bindiga araha, shurinta a kafaɗa kaɗan ne, ba ta huda faifan ƙarfen da ake kafawa a fili, kuma sabon shiga ya fi saurin samun saiti da ita fiye da ƙaramar bindigar hannu. Da ƙungiyar gasar harbi ta Amurka, USPSA, ta buɗe mata rukuninta na gasa a 2016, kamfanoni suka yi caa a kai. Ruger ya fito da tasa a ƙarshen 2017, ga CZ Scorpion, ga SIG MPX, ga ɗaruruwan ƙananan masu ƙera kayan gyara.

To bari in gaya maka yadda ranar gasa take a zahiri, tunda su ba za su gaya maka ba.

Tun daga bakin ƙofa, dokar farko ita ce duk bindigar da ke filin babu harsashi a cikinta. Mai PCC zai shigo da ita a jaka, ko ya riƙe ta baki sama ko baki ƙasa, da wata 'yar tutar roba mai launi a soke cikin mazaunin harsashi, yadda na nesa ma zai ga fanko ce. In yana son ya duba ta ko ya shafa mata mai, akwai teburi guda da aka keɓe don haka, kuma a wannan teburin ba a yarda ya taɓa harsashi ko ɗaya ba. Tabarau na kare ido dole ne ga kowa, har 'yan kallo. In layi ya zo kansa sai ya shiga wurin farawa, alƙalin fili na tsaye daf da kafaɗarsa riƙe da na'urar ƙidayar lokaci. Ba zai ɗura harsashi ba sai alƙali ya ba shi izini. Alƙali ya tambaye shi ko ya shirya, na'ura ta yi tsuwa, sannan ya fara.

Alƙalin nan ba allon da ake harbi yake kallo ba. Idonsa na kan abu biyu, bakin bindiga da ɗan yatsa. In bakin bindiga ya karkato ya tsallake layin da ya raba gaba da baya, wanda suke kira layin digiri 180, ko da taƙi ɗaya ne, an kore shi. In ya tashi daga wani wuri zuwa wani yatsansa na kan kunama alhali ba saiti yake yi ba, an kore shi. In yana sauya gidan harsashi yatsa na ciki, an kore shi. In bindiga ta suɓuce ta faɗi ƙasa, ko harsashi ya tashi ba da niyya ba, an kore shi. Korar kuma ta gasar ce gaba ɗaya. Ko ya biya kuɗin shiga, ko ya kwana a hanya yana tuƙi, ko shi ne zakaran ƙasa, alƙali bai da ruwa da wannan. Sai ya naɗe kayansa.

In ya gama lafiya, alƙali zai ce ya cire harsashi ya nuna masa ciki. Alƙalin zai leƙa da idonsa. Sannan mai harbi ya saita tudun ƙasar da ke ƙarshen fili, ya ja kunama a kan fanko, ya mayar da tutar roba. Sai bayan nan alƙali zai ɗaga murya ya ce fili ya zama lafiya, jama'a su shiga su ƙirga maki, su liƙe ramukan allo, su tayar da faifan da suka faɗi. Wanda ya yi harbi na daƙiƙa 20 zai yini yana wannan hidima wa 'yan'uwansa. Ko lissafin makin ma an tsara shi ne don ya hukunta gaggawar banza: ana raba makin da ka samu da yawan daƙiƙoƙin da ka ci. Tsakiyar allo maki 5 ne. Ka kuskure allo a zabge maka 10. Ka taɓa farin allon da aka kafa a matsayin wanda ba a harbi, a sake zabge 10.

Waɗannan dokoki ba jiya aka zauna aka rubuta su ba. Tun 1976 aka kafa IPSC, uwar ƙungiyar ta duniya, a garin Kolombiya na jihar Mizuri, Jeff Cooper ne shugabanta na farko. USPSA ta biyo baya a 1984. Kusan shekara 50 ke nan ana tace su. Alƙalan nan kuma yawancinsu 'yan sa-kai ne da suka yi kwas suka ci jarrabawa. Su nake girmamawa a wannan harka, kuma su ne ba ka taɓa ganin fuskarsu a bidiyon da ake turo maka ba.

Sai batun gyara, wanda nan ne kasuwar take, nan ne kuma ganganci ya fi yawa.

Lokacin da albarushi ya kama, matsin da ke cikin kwanson harsashi mai milimita 9 yana iya kaiwa fam 35,000 a kan kowane murabba'in inci. A babbar bindigar soja akwai haƙoran ƙarfe da ke kulle sakatar da ke bayan harsashi har sai matsin ya sauka. A yawancin waɗannan bindigogi na PCC, musamman masu arahar, babu makulli ko ɗaya. Nauyin sakatar ne kawai da ƙarfin sifirin da ke bayanta suke tare wutar na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, har harsashi ya fice daga bututu. Shi ya sa masu ƙerawa suke sa ta yi nauyi, ya haura rabin kilo in an haɗa da ƙarfen da ke mara mata baya. Nauyin nan shi ne tsaron mai harbi. Amma kuma shi ne ke sa bindiga ta yi tsalle a hannu, jan ɗigon da ke cikin madubin saiti ya yi ta rawa, alhali ɗan gasa so yake ɗigon ya tsaya cak.

Wasu kamfanoni sun bi ta hanyar ilimi. Akwai masu amfani da ƙananan tayoyin ƙarfe da ke jinkirta buɗewar sakata, dabarar da Heckler & Koch ya yi suna da ita a MP5 tun shekarun 1960. CMMG ya yi tasa sakatar mai juyawa. SIG ya bi ta hanyar iskar albarushi. Wannan aikin injiniyoyi ne masu ɗakin gwaji da na'urar auna matsi, kuma in abu ya lalace akwai wanda za a kama. Abin da bidiyo ke koya wa mutum daban ne. Ana nuna masa ya zauna a garejinsa ya haɗa sakatar wannan kamfani da sifirin wancan da kunamar na uku, ya rage nan ya ƙara can, sannan ya je ya gwada da fuskarsa. Kamar ɗan acaɓa ne ya kwance birki don babur ya rage nauyi.

Masu harkar sun san abin da ke biyo baya sarai. Harsashi ya tashi alhali sakata ba ta gama rufewa ba. Gindin kwanson tagulla, wanda ya kamata a ce yana lulluɓe cikin ƙarfe, yana waje, sai ya tsage. Wuta da ɓarɓashin tagulla su feso ta tagar da kwanso ke fita, 'yan santimita daga idon mai harbi da fuskar alƙalin da ke gefensa. Sauran iskar ta bi ta ƙasa ta fyaɗa gidan harsashi da ƙasa, harsasai su warwatsu. Wanda ya yi sa'a ya tsira da ƙunar hannu da tsagaggen tabarau. Haka ma kunama. Ana tallar mai laushi, wadda taɓawa kaɗan ta tashi. A bindigar da sakatarta ke dukan gaba da baya da ƙarfi, kunamar da ba ta dace da ita ba tana iya sakin harsashi biyu a ja ɗaya. A fili wannan hatsari ne. A dokar Amurka kuma, bindigar da ke harba sama da ɗaya a ja ɗaya ta shiga sahun masu sarrafa kansu, kuma mallakarta ba rajista hanyar kurkuku ce.

Wane mai bidiyo ne ya taɓa buɗe shirinsa da wannan? Ina za a yi, tunda da yawansu kamfani ne ya aiko musu da kayan kyauta, kuma suna da kamasho a kan duk wanda ya saya ta hanyarsu. Bindigar da ke fita daga kanti ƙasa da dala 700 tana harbi daidai. Amma sai an cusa wa sabon shiga cewa abin da ya hana shi cin gasa shi ne bai sayi ta dala 3,000 ba, ko bai sauya sifirin ba, ko madubinsa tsohon yayi ne. Alhali daƙiƙoƙin da ake cin gasa da su a ƙafa suke da ido da tsara hanya, kuma ana samunsu ne da atisayen yau da gobe, bindiga fanko a hannu, wanda ba ya cin ko sisi. Abin da ba ya cin ko sisi kuwa ba shi da mai talla.

Doka ma an ɓoye ta. Mai kallo daga nan ɗauka yake a Amurka kowa yana yin abin da ya ga dama. Tun 1934 akwai dokar tarayya da ta ce bindigar kafaɗa mai gajeren bututu, wanda a yau yake nufin ƙasa da inci 16, sai an yi mata rajista ta musamman, ta kuma ɗora harajin dala 200 a lokacin. Wanda ya tsallake wannan yana iya shan ɗaurin shekara 10. Gangar jikin bindigar da ke ɗauke da lamba ba a sayenta a kanti sai an cike takarda an bincika tarihin mai saye a rumbun hukumar FBI, tsarin da ke aiki tun 1998. Akwai wani matokari da aka ƙirƙiro a 2012 don tsohon soja mai naƙasa ya iya riƙe bindiga da hannu ɗaya. Kamfanoni suka mayar da shi hanyar kauce wa dokar inci 16, suka sayar da miliyoyi. A Janairun 2023 hukumar ATF mai kula da makamai ta ce sai an yi wa bindigogin da ke da shi rajista, a Yunin 2024 wani alƙali a Texas ya soke umarnin. A tsakanin nan talakan da ya saya da kuɗinsa shi ne ya kwana bai san ko shi mai laifi ba ne ko a'a. Kamfanin da ya sayar masa ya riga ya kai kuɗi banki.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kalmar nan da suke maimaitawa, wai abin nishaɗi ne kawai, wai ƙaramin harsashi ne. A ranar 20 ga Afrilu, 1999, a makarantar Columbine ta jihar Kolorado, an kashe ɗalibai 12 da malami ɗaya. Ɗaya daga cikin makaman da aka yi ta'asar da su Hi-Point 995 ce, doguwar bindiga mai cin harsashin milimita 9, irin wannan dai da ake ce mana abin nishaɗi. A ranar 27 ga Maris, 2023, a makarantar Covenant da ke Nashville, an kashe yara uku 'yan shekara 9 da manya uku. Cikin bindigogi ukun da aka shiga da su akwai Kel-Tec SUB2000, ita ma irin wannan ce, kuma ta hanyar halal ta doka aka saye ta. Ban ce ɗan gasa ne ya yi kisan ba, ban kuma ɗora wa alƙalan fili laifi ba. Cewa nake saukin saiti da ƙarancin shuri da ake yabo a talla, su ne dai suke aiki a hannun mugu. Duk wanda ke tallar kayan nan ya san haka. A 2022 masu inshorar kamfanin bindiga na Remington sun yarda su biya iyalan wasu daga cikin waɗanda aka kashe a makarantar Sandy Hook dala miliyan 73, kuma ƙarar a kan salon talla aka gina ta. Ita kanta YouTube ta hana bidiyon koyar da ƙera bindiga tun 2018, ta ƙara tsaurarawa a 2024 saboda yara. Amma guntayen da aka yanko suna nan suna yawo a TikTok da WhatsApp, babu mai tambayar shekarun mai kallo.

Wani zai ce, to malam, me ya haɗa mu da rigimar Amurkawa? Abin da ya haɗa mu shi ne hotunan nan sun zama hujja a bakinmu. Duk lokacin da aka kai hari aka kashe mutane a Zamfara ko Katsina ko Sakkwato, za ka ji ana cewa a bar kowa ya mallaki bindiga kamar Amurka. Maganar ba ta tsaya a majalisar shayi ba. A 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi kira ga jama'a su nemi makami su kare kansu. A Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ƙarƙashin Bello Matawalle ta fito ƙarara ta ce mutane su nemi lasisin riƙe bindiga. Ba na ganin laifin manomin da aka sace wa mata da 'ya'ya, aka ƙone masa rumbu, ya ce a ba shi abin da zai tare ƙofarsa. Wallahi ba na gani. Laifin na wanda aka damƙa wa amanar tsaro ne, ya kasa, sannan ya ce wa talaka ya je ya ji da kansa. Laifin kuma na ɗan birnin da ke kwance kan katifa ne, yana yi wa rogo kallon kitse, yana tura hoton filin gasa a Texas a matsayin maganin abin da ke faruwa a dajin Rugu.

Amurka tana da lambar rajista a jikin bindiga, da binciken mai saye, da hukumar da ke bin sawun makami, da motar asibiti da ke zuwa cikin mintuna. Da duk wannan, a shekarar 2021 kaɗai bindiga ta kashe mutum 48,830 a ƙasar, fiye da rabinsu da hannunsu suka kashe kansu. Tun 2020 bindiga ta zama abin da ya fi kashe yara da matasa a can, ta wuce hatsarin mota. Cibiyar Small Arms Survey ta ƙiyasta bindigogi miliyan 393 a hannun farar hula a Amurka, ta kuma ƙiyasta sama da miliyan 6 a Najeriya. Mu da ba mu da rumbun bincike, ba mu da filin koyo, ba mu da alƙali, miliyan 6 ɗin nan me suka tsinana mana ban da zawarawa da marayu?

Kuma batun haɗa bindiga a gida ya daina zama hira. A 2020 aka saki zanen wata bindiga mai suna FGC-9 a intanet, doguwa ce mai cin harsashin milimita 9, an tsara ta musamman don a haɗa a ɗaki. An gan ta a hannun mayaƙa a Myanmar, 'yan sanda sun kama ta a ƙasashen Turai. Mu kuwa nan muna da maƙera masu basira, da masu walda, da matasa marasa aikin yi, da masu kuɗin fansa da ke neman makami ido rufe. Sau nawa muka ga 'yan sanda sun yi holin maƙeran bindiga da kayan aikinsu? Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ba ta bar ƙofa a nan ba. Ƙaramar bindiga da bindigogin soja sai da lasisin shugaban ƙasa. Bindigar farauta sai da na Sufeto Janar. Ko bindigar toka, kwamishinan 'yan sanda na iya hana riƙe ta ba lasisi. Ƙerawa ko haɗawa ko gyarawa ba izini laifi ne mai zaman kansa. Yaron da bidiyo ya ruɗa ya gwada a shagon walda ba gasa zai shiga ba. Ko kurkuku, ko asibiti, ko kuma ya zama maƙerin ɓarayin daji.

Mu ma ai ba baƙin harbi ba ne. Maharbanmu suna da Sarkin Baka, kuma yaro ba ya tashi rana ɗaya ya ce shi maharbi ne, sai ya bi babba ya ɗauki jaka ya koyi ladabin daji. In samarinmu wasan harbi suke so tsakani da Allah, akwai hanya. Harbin bindigar iska daga nisan mita 10 wasa ne na Olamfik. Harbin kibiya ma haka, kuma wannan gadonmu ne. Su matsa wa hukumomin wasanni na jihohinsu su gina fili mai katanga, mai rajista, mai koci, mai alƙalin da zai iya korar ɗan kowa. Wannan neman zan sa hannu a kai, zan kuma rubuta a kansa.

Amma masu shafukan da ke yanko hotunan nan suna ɗora musu waƙa don a taru a yi musu tafi, a ƙasar da ake binne mutane a ramin bai-ɗaya, ina gaya muku ba nishaɗi kuke yaɗawa ba, kuma kuna da kaso a duk abin da ya biyo baya. Kai kuma ɗan'uwa mai karatu, in irin bidiyon nan ya sake faɗowa wayarka, kada ka tura shi gaba. In ka ga ƙaninka ko ɗanka yana kallo, zauna ka gaya masa dokokin filin da aka yanke, ka gaya masa abin da dokar ƙasarsa ta tanada, ka gaya masa yaran Nashville su uku shekararsu 9.